Minti Ashirin da Biyu Tsakaninmu

Firjinmu yana da wani ɗan tari da yake yi idan an kawo wuta. Sai ya yi ƙyat, ya girgiza kamar tsohon da aka tasa daga gyangyaɗi, sannan ya kama gurnani. Ranar Larabar nan ina tsakar gida ina tankaɗen garin kunun azumi na ji shi. Na ajiye rariya, na karkaɗe hannu a zane, na nufi ɗakin maigida da sauri, don wutar wancan lokacin ba ta da alƙawari.

Maigidan nawa watansa huɗu ke nan a Maiduguri. A ɗakin kwamfuta yake aiki a jami'a, can Samaru, sai aka ba da aronsa na shekara guda ya je ya kafa musu irin nasu. Ba a ba shi gidan iyali ba, saboda haka ya bar ni a gidansu na Kusfa cikin birnin Zariya, a sashenmu na can ƙurya, ni da 'yarmu mai shekara bakwai. Gidan cike yake da mutane, kuma ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Amma ni daga unguwar Tukur-Tukur aka kawo ni, na yi sakandare, kuma matan gidan tun suna yara suka san juna. Idan na shiga gaisuwar safe sai a amsa da fara'a, a tambayi yarinya, sannan hirar da na tarar ta tsaya tana jiran in fita. Wasiƙarsa kan zo bayan mako biyu ko uku, ta hannun wani direba. Tsakanin wasiƙa da wasiƙa, ni da yarinyar ne da agogon bango.

Kwamfutar tsohuwa ce, shi ya harhaɗa ta da kansa. Tana kan tebur a ɗakinsa, lulluɓe da wani ƙyalle da na yi wa ado da zare. Shekara uku a jere da ita yake fitar da jadawalin azumi, wato takarda guda mai nuna lokacin alfijir da na faɗuwar rana na kowace rana, a raba wa jama'a a masallacin ƙofar gidanmu. Da tafiya ta taso, sai ya ce bana ni zan fitar.

Mako guda kafin ya tafi ya zaunar da ni ya koya mini, ina rubutawa a littafin makaranta. Akwai faifai uku, irin ƙananan nan masu kusurwa huɗu, cikin gwangwanin biskit. Na farko shi ke yin lissafi. Na biyu yana ɗauke da bayanin tafiyar rana na shekarar, idan babu shi na farkon ba ya iya komai. Na uku shi ke sa firinta ta gane abin da ake faɗa mata. Sai wani ɗan fayil a cikin kwamfutar da yake kira tsari, layuka ne kawai da lambobi, daga nan lissafin ke karanta abin da ake so ya yi. Ya kuma ɗaure duka wannan da kalma guda. Idan na buga LOKACI na danna babban maɓalli, ita za ta duba jerin abubuwan da take bukata, ta nemi faifan ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar kowanne shi ne, sannan ta buga.

Ya ce, “Layi biyu na sama kaɗai za ki taɓa, shekara da ranar da ake sa ran fara azumi. Sauran ki bar su yadda suke, na riga na daidaita.”

Na ce, “In na ɓata fa?”

Ya yi dariya ya ce, “Wadda ke haɗa miyar taushe ba ta mance komai ba, faifai uku ne za su gagare ta?”

To, ranar Larabar na yaye ƙyallen, na yi bisimilla na kunna. Na buɗe tsari, na gyara layukan nan biyu, ban ko kalli na ƙasa ba. Na buga kalmar. Ta karɓi faifai na farko lafiya. Da na sa na biyu sai ta yi ƙara, ta rubuta da Turanci cewa wannan ba shi ne wanda take nema ba. Na sake sawa, ta sake ƙi. Na zazzage gwangwanin a kan tebur, ashe faifai na biyun guda biyu ne, na bara da na bana, na banan yana ƙasa da alamar jan biro a gefensa. Ina sa shi ta karɓa.

Wannan abin ne ya kwantar mini da hankali fiye da kima. Na ce a raina, na'urar da ta iya gane tsohon faifai da sabo, ai ba za ta bari in yi kuskure ba.

Firinta ta kama kukanta mai tsaga kunne, yarinya ta toshe kunnuwa tana dariya. Na buga kwafi biyu. ZARIYA a sama da manyan baƙaƙe, bisimilla a samansa, layi talatin reras. Na daɗe ina kallon takardar nan. Rabon da in yi wani abu da zai fita daga sashenmu ya shiga hannun mutane, tun ina makaranta.

Wanda ke karɓar jadawalin kowace shekara shi ne ladanin masallacin, ƙanen kakan maigida, wanda duk gida muke kira Malam Tsoho. Da yake kaka ne, akwai wasa tsakaninmu. Bayan la'asar ya shigo da sandarsa, na durƙusa na miƙa masa.

Ya ce, “Amarya, ke kika yi wannan, ko aljanin da mijin naki ya rufe a akwati?”

Na ce, “Ni da shi, Malam.”

“To ai shi ke nan. Ragon ya gudu Barno ya bar mini ke, ga shi har aikin nasa kin gaje. Ya dawo ya tarar na ɗaura aure.”

“Sai ka fara sayen haƙora tukuna.”

Ya yi dariya har da tari, ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya ce gobe Alhamis zai aika a yi fotokofi, jibi bayan sallar Juma'a a raba, tunda ana sa ran ganin wata daren Asabar ko Lahadi.

Ranar Alhamis da yamma muna tsakar gida, ina wanke tsamiya. Yarinya ta ƙudurta bana za ta yi azumi na yini guda cur, ba irin na rabin yini da take yi ba, don haka ta dage sai ta iya karanta agogo. Ta ɗauko kwafin da na ajiye, ta sa yatsa a layin farko. Shida da minti shida. Ta zauna a bakin ƙofa tana gadin agogon bango, tana gwajin yadda za ta yi ranar farko. Can sai ta yi tsalle ta ce, “An sha ruwa! Umma, an sha ruwa!”

Na ɗaga kai ina murmushi, sai murmushin ya tsaya. Akwai wani rimi bayan katangarmu, kullum rana kan bar kansa kafin Malam ya kira magariba. Ga rana nan ja wur a kan rassansa, har da zankon soron maƙwabta. Kaji ma ba su shiga akurki ba.

Na fara zargin agogon. Na kunna rediyo, agogo daidai yake. Na tsaya da jiƙaƙƙen hannu ina jira. Rana ta sauka daga rimin a hankali, kamar ba ta da wurin zuwa. Sai shida da minti ashirin da bakwai Malam Tsoho ya ɗaga murya. Bambancin kwana biyu ko uku ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, wannan na sani. Minti ashirin da wani abu kuwa ba kuskuren agogo ba ne.

Sallar nan na yi ta ne dai, Allah Ya karɓa. Ina idarwa na aiki yarinya ta roƙi Malam ya shigo.

Ya zo yana cewa, “Amarya ta kasa haƙuri har gobe?”

Na ce, “Malam, takardar nan ba daidai take ba.” Na nuna masa layin farko, na faɗa masa lokacin da ya yi kira.

Ya ce, “Ni ai ban taɓa kiran salla da takarda ba. Idona ne agogona tun kafin a haifi uban mijinki.”

Ya zauna a kan turmin da ke kife, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya fara lissafo masu karɓa, kamar da kansa yake magana. Direbobin da magariba ke riska a hanya. Masu jinyar 'yan uwansu a asibitin Wusasa, waɗanda ke cikin ɗaki ba sa ganin sama. Mutanen ƙauye da ke shigowa Juma'a, su kai wa ƙananan masallatansu inda yaro ke duba agogon hannu ya yi kira. Ya ce an riga an yi kwafin, suna ɗaure a ɗakinsa.

“Wanda ya sha ruwa da rana tsaye, ramuwa ce a kansa. Kwana talatin in bai lura ba. Nauyin kuwa...” Bai ƙarasa ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe. “Ko ki gyara kafin a tafi masallaci gobe, ko in ce musu bana babu. Babu ɗin ba abin kunya ba ne, 'yar nan.”

Da ya ce 'yar nan maimakon amarya, sai na ji hawaye na neman zubo mini.

Babu wuta. Babu kuma hanyar da zan ji daga maigida kafin gobe, wasiƙa ta fi mako kafin ta isa, balle ta dawo. Na duba littafina daga farko har ƙarshe, duk abin da ya ce na yi. Na so a ce akwai wadda zan shiga ɗakinta in ce, Yaya, zo ki taya ni dubawa. Amma me zan ce ta duba? A duk gidan nan mai mutum sama da talatin, mutum ɗaya ne ya san abin da ke cikin akwatin nan, shi kuwa yana can inda ko sunan unguwarsa ban iya faɗa daidai ba.

Safiyar Juma'a na yi shara, na dama koko, na yi wa yarinya kitso, kunnena duk yana ɗaki. Wajen ƙarfe tara da rabi firji ya yi tarinsa. Na bar kitson saura layi biyu.

Wannan karon da na buɗe tsari na karanta shi duka har ƙasa. Akwai layin da aka rubuta ZARIYA, shi ne kan takarda. A ƙarƙashinsa layuka huɗu, biyu sun fara da LAT, biyu da LON. A kowane biyun, ɗaya yana da alamar ɗigo da waƙafi a gabansa, ɗaya ba shi da ita. Na tuna maigida ya taɓa faɗa mini a wucewa cewa duk layin da aka sa wa wannan alamar, na'ura tsallake shi take yi kamar babu shi. LON ɗin da ake tsallakewa bakwai ne da ɗigo bakwai. Wanda ake karantawa goma sha uku ne da ɗigo biyu.

Haruffan nan uku suka mayar da ni aji uku na sakandare. Malamarmu ta labarin ƙasa ta taɓa riƙe lemo a gaban tocila tana juya shi, tana cewa kowane layi guda daga cikin waɗanda suka ratsa taswira daga sama zuwa ƙasa, minti huɗu ne na tafiyar rana. Na janyo akwatina daga ƙarƙashin gado, na tono tsohon littafin taswirata daga ƙasan zannuwa. Na sami Zariya tsakanin layi na bakwai da na takwas. Na bi da yatsa gabas, na wuce Bauchi, na wuce Potiskum, har na kai goma sha uku. Yatsana ya sauka a kan Maiduguri.

Layi biyar da rabi ne tsakanin garuruwan biyu. Sau huɗu, minti ashirin da biyu.

Sai na tuna jajiberin tafiyarsa. Ina madafa ina dakan dambun naman da zai tafi da shi, na ji firinta tana kuka a ɗakinsa. Na ɗauka takardun ofis ne. Ashe lokutan sallar can ya fitar wa kansa, don kada ya isa baƙon gari ya rikice. Ya juya tsarin zuwa Maiduguri, ya buga, ya rufe, hankalinsa na kan tafiya, ya mance bai dawo da shi gida ba. Ita kuwa na'urar da ta iya kama ni da tsohon faifai, ba ta da yadda za ta san a wane gari take zaune. Wata huɗu tana ƙarƙashin ƙyallena a Kusfa, tana lissafa ranar da ke faɗuwa a kansa.

Na yi kuka a wurin, ba na haushi ba. Yarinya ta leƙo da rabin kitsonta ta ce, “Umma, ta lalace?” Na ce a'a, ta je ta jira ni.

Saura abu guda. Maigida ya ce kada in taɓa layukan ƙasa, kuma ban saba tsallake maganarsa ba, ko yana nan ko ba ya nan. Na ɗora yatsa a kan maɓalli na janye har sau biyu. Sannan na tuna mai jinya a Wusasa da kofin ruwa a hannu tana kallon agogo. Na ce Allah Ka ga niyyata. Na cire alamar daga gaban layukan Zariya biyu, na sa ta a gaban na Maiduguri. Ban goge nasa ba, yadda shi ma bai goge namu ba. Na adana, na buga LOKACI. Faifai na ɗaya. Na biyu mai jan biro. Na uku. Kowace ƙyaftawar ƙwan lantarki sai in ɗaga kai in dube shi.

Layin farko ya fito, shida da minti ashirin da takwas.

Amma na daina yarda da takarda don kawai ta fito daga firinta. Jadawalin bara yana manne a bayan ƙofar ɗakinsa, wanda shi ya fitar da hannunsa. Tunda azumi kan matso da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, akwai ranakun watan Turawa da suka faɗo a cikin takardun biyu. Na ɗauki uku na gwada, na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Duk suka yi daidai, in ban da minti guda a wuri ɗaya.

Malam Tsoho ya shigo da rigar Juma'arsa tun kafin in aika. Na miƙa masa, na yi masa bayani iya yadda zan iya.

Ya ce, “Wato ranar Barno ya bar mana?”

Na ce, “Ita ce, Malam.”

“Ka ji ɗan banza. Ya tafi da kansa, ya tafi da hankalin amaryata, har rana ma sai da ya sauya mana.” Ya ɗaga takardar kusa da idonsa. “Wannan fa? Ta Zazzau ce, ko ta Sakkwato kika ɗauko mana don mu daɗe da yunwa?”

“Ka gwada ta da idonka yau da magariba. In ta saɓa, ka ƙone.”

“Da magariba ai an riga an raba.” Ya dube ni sosai, ya ce, “Kin tabbata?”

Na ce, “Na tabbata, in sha Allahu.”

Ya juya ya fita da sauri irin wanda ban san yana da shi ba, yana kiran a nemo masa mai babur ya kai shi wurin fotokofi.

An raba bayan Juma'a. Da yamma na tsaya a tsakar gida, ido ɗaya a rimi, ɗaya a agogo, har ya yi kira a daidai inda ya kamata. Kwafin farko kuwa, tunda akwai bisimilla a kansu, ba a zubar da su, ba a kuma ba masu ƙosai su naɗe. Malam ya ƙone su da kansa a bayan masallaci, ya binne tokar. Ko matan gidan ba su san an yi ba, ni ma ban faɗa ba.

Kwafina guda na takardar farko ne ban bayar ba. Na ja layi a kan ZARIYA, na rubuta Maiduguri da biro, na manna ta a bangon madafa kusa da ta gaskiyar. Ban yi wa kaina bayanin dalili ba. Yarinya ta tambaya, na ce wannan ta Abbanki ce, can rana kan riga tamu faɗuwa.

Ranar Lahadi aka tashi da azumi. Yarinya ta kai azahar da ƙarfinta, ta kai la'asar da ƙyar. Na ce ta sha ruwa, Allah bai ɗora mata ba tukuna, ta girgiza kai. Ta kwanta a tabarma a bakin madafa, leɓɓanta sun bushe, idonta a kan agogo. Ni kuwa ina ta kai da kawowa, kunu, ƙosai, dabino uku a ɗan faranti, da kofin maigida da na ɗauko bisa sabo na tsaya da shi a hannu ban san inda zan ajiye ba. Daga sauran sassan gidan ana jin hayaniyar yara da ƙarar kwanuka. Namu sashen shiru, sai man da ke tafasa. Rana tana nan a kan rimi.

Sai na ji yarinya ta motsa. Ta tashi zaune, ta dubi takardar da na yi wa gyara da biro, ta dubi agogo, ta jawo bakin zanena.

“Umma, Abba ya sha ruwa. Ki zauna mana. Yanzu kuma shi ne yake jiranmu.”